Ƙarfen Uwar Tasha

Jirgin ƙasa ne ya haifi garin nan, shi ne kuma ya yaye shi ba shiri. Lokacin da yake tsayawa akwai kasuwa, akwai makaranta, masu shayi har rigima suke yi kan wurin zama a bakin tasha. Da ya daina, mutane suka bi kwalta ɗaya bayan ɗaya, wasu har kwanon rufinsu suka ɓalle suka tafi da shi, suka bar wa damina bango tana ci. Yanzu gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su cika yatsun hannu ba.

Abin da jirgi bai tafi da shi ba shi ne ruwan saman garin, mai zuwa ba sallama. Dutse ya tare gabas, mutanen gangare ba sa ganin hadari sai ya sauko musu a ka. Gidan shugaban tasha ne kaɗai a kan tudu, shi ya sa tun tana amarya matarsa ta ɗaukar wa kanta aiki: da ta hango hadari sai ta buga guntun ƙarfen dogo da ke rataye a jikin mangwaro, kowa ya fito ya kwashe shanyarsa. Miji ya rasu, tasha ta koma makwancin awaki, amma Uwar Tasha ba ta ajiye guduma ba.

Autanta, direba ne a birni, ya zo da motarsa a farkon damina da niyyar ba zai koma shi kaɗai ba. Tsoro yake ji. Ya ga yadda take laluben buta alhali tana gabanta, ya kuma san in ta faɗi a tudun nan sai dai awaki su ba da labari.

"Inna, ki shirya mu tafi. An gyara miki ɗaki."

"In na tafi wa zai buga ƙarfe?"

"Wa ya rage da zai ji, Inna?"

Maganar tana fita ya so ya mayar da ita. Ta shiga ta fara ninke zannuwanta, hakan ya fi masa zagi ciwo.

Da hantsi yana ɗaure akwatinta a bayan mota, tana zaune kan kujera ta fuskanci dutse kamar kullum. Sai ta miƙe zumbur.

"Ga shi nan ya haɗo!"

Auta ya ɗaga kai. Sama tas, rana tana dukan ƙeya. Wani manomi ne ke ƙona ciyawa a bayan dutse, hayaƙi ya tashi baƙi. Kafin ya buɗe baki ta lalubo guduma ta shiga dukan ƙarfe da ƙarfin da bai san tana da sauransa ba. Kunya ta kama shi. Ya gangara da sauri don ya ba mutane haƙuri.

Abin da ya tarar ya tsayar da shi. Tsohon tela, da ƙafarsa mai ciwo, yana jan tabarmar masara zuwa zaure. Matarsa tana cire wanki jiƙe daga igiya. Wata tsohuwa tana kora kaji tana faɗa musu, wai ba sa jin magana. Dukkansu suna ɗaga murya wajen tudu: "Mun ji, Uwar Tasha! Sannu da ƙoƙari!"

"Baba, ai hayaƙi ne," in ji Auta.

"Kai ka ga mun makance ne?" Tela ya ce yana haki. "Kama mini gefen nan."

Ya kama. Suna ja Tela ya ce, "Tun bara idonta ya tafi. Hayaƙi ta buga, garken tsuntsaye ta buga. Mu kuwa mu kwashe, in an jima mu sake shanyawa, motsa jiki ne."

"To in hadarin gaske ya zo?"

"Gwiwar nan tawa ta fi rediyo sanin zuwan ruwa. Sai uwar gidana ta hau tudu ta gaishe ta, ta ce Yaya, duba mana gabas, jikina bai yarda ba. Kullum ma sai ɗayanmu ya hau. Shekara nawa tana tsare mana abinci? Ranar da aka haife ka ma sai da ta aiko aka buga."

Auta ya tsaya riƙe da tabarma. Godiya ce ta cika shi, irin wadda baki ba ya iya ɗauka. Ya durƙusa a gaban tsohon, Tela ya ce ya tashi kada ya zubar masa da masara.

Ya hau tudu ya same ta tsaye, guduma a hannu, tana sauraro.

"Sun kwashe?"

"Sun kwashe, Inna. Kowa ya ji."

"To me kake jira? Kayana suna bayan mota, so kake su jiƙe?"

Ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ya ruga da gudu ya kwance igiya, ya ɗauko akwatin a ka, ya shigar mata da shi ɗaki.