Facin da Ba a Gani

Inagaki Masaomi maƙaryaci ne. Bai yi ƙaryarsa da baki ba, da tsani ya yi ta, kuma irin wannan ta fi muni, don mai ƙarya da baki ana iya kama shi da maganarsa. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar gidan zane-zane na garin, kowa yana rusuna masa a hanya, amma da saninsa ya shirya tura mutum huɗu su kankare silin mai cike da asbesto, abin nan mai lalata huhu, fuskokinsu a buɗe.

Gidan tsohon banki ne, an gina shi tun kafin yaƙin duniya. Da aka mayar da shi wurin ajiye zane, sai aka fesa wa silin na babban zaure wani yaɓe mai kaushi, don maganin gobara da amsa-kuwwa. Yanzu yaɓen ya yi duhu, ya fara zuba. Inagaki yana so a kankare shi a sabunta kafin bazara, lokacin da za a buɗe baje kolin cika shekara ɗari da haihuwar mai zanen da garin ke alfahari da shi. Shi ne aikinsa na ƙarshe, a watan Maris zai yi ritaya. Doka kuwa ta ce ba a taɓa tsohon silin sai an gwada shi. In an samu asbesto, za a rufe zauren, watakila shekara biyu, baje kolin ya tashi ke nan.

Wadda kamfanin bincike ya turo don gwajin ita ce Tsurumi Kazue. Shekarunta hamsin da shida, ashirin da huɗu daga ciki a kan tsani ta yi su, a makarantu da asibitoci da tsofaffin gidajen wanka. Gwiwoyinta sun gaji kafin ita. Ranar kuma wannan ne gini na uku da ta shiga, ga ruwan sama tun safe.

Inagaki ya tarbe ta a bakin ƙofa da kansa, ya miƙo mata silifas, ya sa aka kawo shayi.

"Tsurumi-san, kin san ginin nan yana cikin rajistar kayan tarihi," in ji shi, yana ƙara wa sunanta "san" na girmamawa. "Duk ramin da kika huda, sai na rubuta wa majalisar gari shafi uku a kansa. Ki ji tausayin tsoho."

"Ramin bai fi kan babban yatsa ba, Shugaba. Wuri uku nake buƙata."

"Na sani. Shi ya sa na sa an kafa miki dandamalin hawa tun jiya, a gefen gabas. Nan hasken fitila bai cika kaiwa ba, ko an ga tabo ba zai dame mu ba."

Ta ɗaga kai ta dubi silin. Daga gabas har yamma launi ɗaya ne, kaushi ɗaya, har tabon hayaƙin shekaru iri ɗaya. Ƙa'idar aikinta ta ce a warwatsa wuraren ɗiba. Amma dandamalin ƙarfe ne mai nauyi, kafin a matsar da shi sai an kwashe akwatunan gilashi shida. Gwiwarta ta hagu tana zafi. Ta sa takunkumi, ta hau, ta jiƙa wurin, ta yanko ɓarɓashi uku daga inda hannunta ya kai, ta ƙulle kowanne a ledarsa.

Nan ita ma ta yi laifi, babu amfanin a rufa mata. Gajiya dalili ce, ba hujja ba ce.

Bayan kwana biyar ɗakin gwaji ya aiko da amsa, babu asbesto. Ta buga hatiminta a kan rahoton. Ranar Alhamis ta kawo shi da kanta, don hanyarta ce. Za a fara kankara ranar Litinin.

Inagaki yana wurin taro, sai ta zauna jiransa a barandar baya. Can ta tarar da wani tsoho a kan buhun siminti, yana cin dunƙulen shinkafa, yana korawa da shayin sha'ir. Nagumo ne, mai yaɓe, shi zai jagoranci masu kankarar. Hannayensa sun yi fari fat har cikin farce.

"Ke ce mai huda mini aiki?" in ji shi, yana murmushi da rabin haƙora.

"Aikinka, Baba?"

"Ramuka uku a gabas. Jiya na hau na gani. Duk a cikin facina kika yi su, ko ɗaya bai kauce ba."

Kazue ta ajiye jakarta a hankali. "Wane faci?"

"To, kin gani. Ke da ake biya don ki duba silin, ba ki gane ba." Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. "Lokacin girgizar ƙasa, shekara ashirin da biyu ke nan, gefen gabas ya rufto, faɗin tabarma takwas. Ni na mayar da shi. Wata biyu ina gwada haɗi. Na ƙarshe sai da na jiƙa ganyen shayi da toka na shafa, don ya tsufa kamar sauran. Masana sun zo daga babban birni, na ce su nuna mini iyaka. Ɗaya ya nuna wani wuri can daban. Ranar na sha giya har matata ta rufe mini ƙofa."

"Da sabon kaya ka yi facin?"

"Da me kuma? Irin na da ai an daina sayarwa. Na da akwai wani gashi-gashi a ciki, in ka murza yana tashi kamar audugar rimi."

Ta san wannan gashin. Shi ne asbesto, zaren dutse ne, in ya shiga huhu ba ya fita, yakan kwanta shekara ashirin ko talatin kafin ya fara cin mutum.

"Baba, Shugaba ya san da facin?"

"Inagaki? Lokacin yana ƙaramin ma'aikaci, shi ke riƙe mini ƙafar tsani. Har na nuna masa gashin a tafin hannuna. Ya ce kada in taɓa faɗa wa kowa inda facin yake, wai darajar aikin ke nan." Ya lashe ƙwayar shinkafa daga yatsansa. "Ke dai na faɗa miki ne don kin riga kin ɓata shi."

Kazue ta dubi ambulan da ke hannunta. Hatiminta ja yana ciki, ya bushe. Da wannan takarda, ranar Litinin mutum huɗu za su hau sama da tawul a ɗaure a ka, su yi mako uku suna kankara, ƙura tana sauka a kan fuskokinsu.

Ba ta ji fushi ba. Gajiya ta ji, irin wadda ke sauka a ƙafafu. Ta san abin da zai biyo baya: takardar neman gafara ga kamfani, zama gaban shugabanta, watakila a karɓe mata lasisi na wani lokaci. In kuma ta miƙa ambulan ta hau mota, ba wanda zai sani sai bayan shekara talatin, lokacin ita ƙasa ta daɗe da rufe ta.

"Baba, za ka iya taya ni matsar da dandamalin?"

"Zuwa ina?"

"Yamma. Inda ba hannunka."

Tsohon ya daina tauna. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. "Yarinya, kina nufin abin da nake zato?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa zan hau."

"Yarana uku ne a aikin nan. Ɗaya matarsa ta haihu watan jiya." Ya naɗe sauran shinkafar a ganyenta, ya miƙe. "Huda duk inda kike so. Zan toshe, ko shi Inagakin ba zai gano ba."

Suna cikin tura akwatin gilashi na huɗu Inagaki ya shigo. Bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa ɗagawa.

"Tsurumi-san, na ɗauka an gama."

"Ni ma haka na ɗauka, Shugaba."

"Ba ni da izinin ramuka a yamma. Rahoton yana hannunki, ki ba ni, mu rabu lafiya."

"Rahoton facin Baba Nagumo ne. Facin lafiyarsa ƙalau."

Inagaki ya juya ga tsohon. "Nagumo-san, shekara nawa muna tare? Mako uku ne kawai. Ku buɗe tagogi. Kai da ka yanke gefen tsohon yaɓen da hannunka wancan karon, ga ka nan garau."

"Garau," in ji Nagumo. Ya yi tari, ya goge bakinsa da bayan hannu. "Riƙe mana ƙafar dandamalin, Shugaba. Ai ka iya."

Bai riƙe ba. Ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Kazue ta ba Nagumo takunkumi, ta sa nata, ta hau mataki-mataki, tana jan ƙafar hagu. Tun kafin ta ƙulle leda ta ga gashin a bakin wuƙa.

Washegari da safe ta janye rahotonta a rubuce, ta aika kwafi ga majalisar gari da ofishin kula da lafiyar ma'aikata, ta bayyana nata kuskuren a layin farko. Ranar Litinin ba wanda ya hau sama. Ranar Laraba ɗakin gwaji ya tabbatar: duka ɓarɓashi ukun da ta yanko a yamma akwai asbesto, mai yawa. Da masu binciken hukuma suka buɗe kabad ɗin Inagaki, suka tarar da takardar gyaran bayan girgizar ƙasa, da zanen iyakar facin, da hatiminsa a ƙasa. Ya cire ta ne daga fayil ɗin ginin da ya ba Kazue tun farko.

An dakatar da Kazue wata uku. Ta yi su a gida, tana gasa gwiwa da ruwan zafi. Nagumo ya je hoton ƙirji, likita ya ga inuwa a huhun dama, ya ce ya riƙa dawowa duk wata shida. Ramukan shida kuwa ya toshe su kafin a rufe zauren, cikin takunkumi, ko da yake an gaya masa silin ɗin gaba ɗaya za a sauke.

Mutanen garin sun yi ta cewa Inagaki mutumin kirki ne, son zane ne ya yi masa yawa. Wannan maganar banza ce. Wanda ya auna baje koli da huhun mutum huɗu, ya ga baje kolin ya fi nauyi, ba son zane ke damunsa ba, son sunansa ne.

An kore shi daga aiki saura kwana arba'in ya yi ritaya. An hana shi kuɗin sallama, kotu ta ci shi tara, an cire sunansa daga allon shugabannin gidan. Baje kolin an yi shi bayan shekara biyu, ba a gayyace shi ba.