Wuƙar da ke Damtsen Kawu Hamad

Mahjub bai yi nisa a karatu ba, amma ya san hanya. Shi ya sa duk lokacin da babban baƙo zai bar Khartoum ya yi arewa, shi ake turawa gaba ya share fage.

Wannan karon mace ce, manzo daga wata ƙasar Turawa. Ta zo buɗe injin ban ruwa da ƙasarta ta kafa a garin kawunnan Mahjub, can bakin Nilu. Shugaban masu gadinta wani dogon Bature ne mai suna Henrik. Ba ya dariya, amma ba mugu ba ne.

Tun kafin ranar, su biyu suka bi hanyar daga farko har ƙarshe: inda za a sha mai, inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa, asibitin da ya fi kusa, da lungun da za a bi a tsere in abu ya ɓaci. Henrik ya hau rufin ɗakuna, ya leƙa rijiya, har wata matacciyar mota da kaji ke ƙwai a ciki sai da ya sa aka janye. Sannan ya tambaya ta bakin tafinta:

"Akwai makami a wurin taron?"

"Babu," in ji Mahjub. Da kansa ya bi gida-gida ya karɓe bindigogin farauta ya kulle a makaranta.

"In ta sauko me za a yi?"

"Gaisuwa, jawabi, a kunna inji, a ci abinci."

Henrik ya kafa dokarsa. Ba mai buɗe ƙofar mota sai ya ba da izini. Wanda kuma ya hangi makami, ya faɗa a oba-oba, ayari ya juya nan take, ba tambaya.

Ran tafiya Mahjub yana motar gaba tare da Siddiƙ direba, tsohon abokinsa, wanda bakinsa ba ya hutawa. Sun saki kwalta, dabinan garin sun fara bayyana, sai Siddiƙ ya shafa tumbi.

"Ni fa ko shayi ban sha ba. Wuri na bar wa ragon kawunka. Allah ya sa tsohon bai zaɓo wani ƙanjamamme ba."

"Wane rago?"

"Kai! Turawan nan sun wanke maka ƙwaƙwalwa da sabulu ne? Baƙuwa za ta taka garinku ba a zubar da jini a gabanta ta tsallaka ba? Ai da kawunka ya gwammace a binne shi."

Gumi ya keto wa Mahjub duk da sanyin motar.

Ba ɓoyewa ya yi ba. Abin ne bai zo masa ba ko kaɗan. Tun yana goye yake ganin ana kwantar da rago a gaban baƙo, a yanka, baƙo ya tsallaka. Wa ke sa wannan cikin tsarin taro? Kamar a ce za a yi sallama ne. Ita kuma wuƙa, kowane dattijo a garin yana da tasa ɗaure a damtse, ƙarƙashin hannun riga. Da ita yake yanke igiya, da ita yake cire ƙaya. Da aka ce makami, bindiga kawai ya tuna.

Ya san Kawu Hamad sarai. Ba zai bar wa kowa yankan ba. Zai tako gaban motar baƙuwa, ya cusa hannu cikin riga, ya zaro ƙarfe. Yaran Henrik kuwa an horar da su ne kada su jira su ga me zai biyo baya.

Ya ɗauki oba-oba ya riƙe. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, tafinta kuma yana can motar baƙuwa. Kafin ya haɗa rago da al'ada da tsoho, kalmar wuƙa kaɗai za su ji. Ayari zai yi kwana a gaban mutanen da suka share gari, suka yi ta tuya tun jiya, suna kallo. Za a daɗe ana yi musu gori a kasuwannin kogin nan.

"Lafiya dai?" in ji Siddiƙ. "Ka yi fari kamar an ce matarka ta gano inda kake ɓoye taba."

"Ƙara wuta. Ka ba su tazara."

"Bature ya ce kada a rabu."

"Na ce ka taka, Siddiƙ!"

Mahjub ya ajiye oba-oba bai sanar da kowa ba.

Tazarar ba ta yi wani yawa ba, don direban baya ma ya ƙara mai. Suka faɗa cikin guɗa da kiɗa da ƙura. Jama'a sun yi dafifi, ragon yana ƙasa a bayan ƙafafu, daga mota ba mai ganinsa. Sai ga Kawu Hamad ya ratso, fari fat da sabon rawani, ya nufi motar baƙuwa kai tsaye, hannun damansa yana shiga hannun rigar hagu.

Mahjub bai jira mota ta tsaya ba. Ya banko ƙofa, ya faɗi a gwiwa, ya tashi, ya ruga. Ya isa daidai wuƙar ta fito rabi. Ya rungume tsohon, ya danne hannun, ya juya shi ta yadda bayan Mahjub ne ke fuskantar motoci. Rawanin ya faɗo ƙasa. Guɗa ta tsaya cak.

Da ya waiga, ya ga ɗaya daga cikin yaran Henrik a jikin ƙofa, bindiga a miƙe, saitin ƙirjin tsohon da yanzu ya zama gadon bayansa. Henrik ya daka wa yaron tsawa, bindigar ta koma cikin kwat. Idon jama'a duk yana kan rawanin da ke ƙasa, ba wanda ya lura.

"Sake ni, ɗan banza!" in ji Kawu Hamad. "Ɗan ƙanwata! A gaban mutane!"

An yi taron dai. Baƙuwa ta daɗe a mota kafin a bar ta ta fito, ta yi jawabi, inji ya tashi, ruwa ya kwarara. Ragon a bayan gida aka yanka shi, ba wanda ya tsallaka.

Henrik ya kira Mahjub gefe da tafinta. Bai ɗaga murya ba.

"Ka sani kafin mu iso?"

"Na tuna a hanya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da kun juya."

"Da mun juya, da ba wanda ya kusa mutuwa."

Bature ya faɗi gaskiya, ita ce ma ta fi yi wa Mahjub ciwo. Ya ɗora ran kawunsa a kan gudun ƙafarsa, shi da gwiwa ta fara ba shi matsala, don kada a yi wa gari dariya. Da rigarsa ta maƙale a ƙofa fa? Henrik ya karɓe oba-oba, ya ce ba da shi za a koma ba, sauran magana kuma sai a Khartoum.

Ayari ya tafi. Siddiƙ ya ɗaga masa hannu, karon farko ba tare da zolaya ba.

Da la'asar Mahjub ya shiga gidan kawunsa. Tsohon yana kan gadon igiya a inuwa, ya ba ƙofa baya. Mahjub ya durƙusa.

"Kawu, na zo gaishe ka."

"Ba ni da ɗa a gwamnati. Je ka gaida iyayen gidanka."

Da Mahjub ya so, da magana ɗaya ta wanke shi. Amma sai ya gaya wa tsohon cewa baƙin da ya kiwata wa rago, ya sayi sabon rawani dominsu, su ne suka auna shi da bindiga a ƙofar gidansa. Wannan ba zai bar shi ya ƙara tarbar kowa da sakin fuska ba. Gara fushin ya tsaya a kan mutum ɗaya.

"Na yi kuskure, Kawu."

"Kuskure? Uwarka ma, Allah ya jiƙanta, da taurin kanta ba ta taɓa kama mini hannu ba!"

Tsohon ya juyo ya shiga zazzaga masa faɗa, tun daga ƙuruciyarsa, har da akuyar da ya bari ta ɓace yana yaro. Muryarsa garau, har maƙwabta suna ji. Mahjub ya gyara durƙuso saboda gwiwar da ta kumbura, ya sunkuyar da kai, ya bar shi ya yi ta yi.