Gwangwani Mai Hoton Kare

Jikata Rahinatu ta tsinto 'ya'yan kurege biyu a bayan rumfar albasata a kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, ko ido ba su gama buɗewa ba. Na ce ta ba su madarar gwangwani. Da nonon saniya muke rainon marayun awaki a ƙauyenmu, kuma ba a yi mini musu a gidana.

Kwana biyu zawo ya kama su. Ran Laraba ɗaya ya mutu a tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba, amma ta daina kallon idona.

Na sa ɗayan cikin hulata, na hau okada zuwa wajen wani likitan dabbobi kusa da Upper Iweka. Ya ce cikin kurege ba ya ɗaukar madarar shanu. Sai ya miƙo mini gwangwani mai hoton kare.

Na ce, "A'uzubillahi! Nonon kare a ɗakin da nake salla?"

Ya ce, "Baba, ba nonon kare ba ne, gari ne da ake dama wa 'yan kwikwiyo. Shi zai riƙe shi har ya fara cin ganye da 'ya'yan itace."

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma nawa ya riga ya ci rai ɗaya. Na yage takardar hoton, na kawo gwangwanin gida.

Rahinatu ta dama da ruwan ɗumi, ta ɗiga masa da sirinji. Ya tsotsa kaɗan, ya tsaya.

"Kaka, zai rayu?"

Na ce, "Ƙara ɗiga masa."