Kan Mota Ɗaya, Tirela Daban-daban

Ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗar Baba, ta kafa gwiwa a bakin gado, ta ce, "Sit up."

Baba ya yi nishi, ya tattaro ƙarfin ɓarin jikinsa mai motsi, ya taso. Ɓarin hagu, wanda ya shanye tun bara, ya biyo baya da nauyi kamar buhun siminti. Ta cusa masa filo a baya.

"Wato?" ya tambaya. Harshensa ya yi nauyi tun da ciwon ya same shi, sai wanda ya saba da shi ke gane maganarsa.

"Tashi zaune."

"In an sauya tirela fa?"

"Sit down, a zauna ke nan."

"Madalla. Ja mu je."

Baba ba ya jin Turanci sai na allunan bakin hanya. Rayuwarsa duk a kan babbar mota ya yi ta. Amma ranar da ta yi masa bayanin waɗannan kalmomi masu tafiya bibbiyu, waɗanda in ka sauya ƙaramar ta baya sai ma'ana ta juye gaba ɗaya, nan take ya gane. Ya ce ai kan mota ɗaya ne, tirela ce daban-daban. Yau ka ja mai, gobe ka ja katako, wanda ya tsaya kallon kan mota kawai ba zai taɓa sanin abin da aka ɗauko ba.

A gidan, Na-iya ake ce mata. Tun tana rarrafe ba a ɗaura mata takalmi, ba a riƙe mata cokali, sai ta fizge ta ce ita ta iya. Da wannan kafiyar ta gama makarantar koyon jinya a sahun gaba. Da ita kuma ta je neman aiki a wani babban asibiti mai likitoci baƙi, inda sai an gwada mutum da Turancin baka. Ta haddace manya-manyan kalmomin likitanci, sai ƙananan suka kayar da ita. Likita ya ce majinyaci ya yi "throw up", ta tsaya tana tunanin me ya jefa sama, alhali amai ake nufi. Ta fito ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi cin abinci.

Ba don albashi kaɗai take son aikin ba. Asibitin yana da sashen motsa gaɓoɓi, kuma iyayen ma'aikata suna da damar zuwa. Can ne kawai take ganin ƙafar Baba za ta sake taka ƙasa.

A lokacin Baba ya riga ya juya wa duniya baya. In ta sassauta murya ta ce, "Baba, daure ka ɗan motsa," sai ya rufe ido ya ce shi ba jariri ba ne. Mutumin da ya saba a jira shi, ba ya son a tausaya masa. Sai ranar da ta dawo daga faɗuwar nan, ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, kalmomin nan ba sa zama a kaina sai na yi su da hannu. Ara mini jikinka." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo hannun dama. Tun daga ranar yake juyawa, yake tashi zaune, yake ɗaga ƙafa, don 'yarsa tana karatu kuma shi ne allonta.

Guda ɗaya ce ya ƙi. Ya taɓa gwada miƙewa tsaye a farkon ciwon, ya zube a gaban maƙwabta. Duk sa'ad da ta kawo "stand up", sai ya ce, "Wannan tirelar ba ta cikin jarrabawa."

Yau suna cikin karatun aka taɓa ƙofa, Gwaggo ta shigo da sallama, ƙanwar Baba ce, riƙe da wata babbar jaka wadda babu komai a ciki. Ta ajiye ta kusa da durowar kayansa.

"Yaya, an tashi lafiya? Har yanzu ana ta bokon?"

"Muna kan hanya," in ji Baba.

Gwaggo ta juyo. "Ke 'yar nan, ba na son mu yi ta jan magana. Mun yi da ke, in gwajin asibitin na yau ma ba a dace ba, Yaya zai koma wurina. Ina da yara, ina da masu ɗaga shi. Dubi yadda kika zama, wuya kamar mariƙin lema."

"Ba inda za shi, Gwaggo."

"Ai bakin nan naki ba yau ya fara ba."

"Ki zauna ki sha shayi. Jakar kuma da kin bar ta a gida, da kin huta da ɗauka."

Baba ya yi wata dariya ta gefen baki ɗaya. Na-iya ta gyara masa bargo, ta ɗauki takardunta. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"In kin ga gangara, kar ki taka birki da ƙarfi."

A bas ta samu wuri kusa da taga. Ba ta buɗe littafi ba. Hannuwanta ne ke aiki a kan cinyarta, suna tallafo kafaɗar da babu ita, suna juya ta a hankali, leɓɓanta na motsi. Matar da ke gefenta ta ɗan ja jiki.

"Baiwar Allah, lafiya kuwa?"

"Karatu nake yi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Na zaci sauro kike kamawa."

A barandar asibitin masu neman aikin sun cika benci, kowa da takarda a hannu yana ƙus-ƙus. Bayanta yana mata zafi, irin zafin da ta saba kwana da shi ba ta gaya wa kowa. Da aka kira ta, ta miƙe ta ɗaga kai kamar ita ce ta zo yin gwajin.

Ɗakin yana da sanyi. Likitan nan na wancan karo ne zaune, ga babbar nas mai furfura a gefensa, ga gado a tsakiya da mutum-mutumin roba kwance a kai. Likita ya yi bayani da Turanci, da sauri kamar ana korar sa. Wannan dattijo ne, in ji shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya ƙi cin abinci, ya ƙi motsi. Ta shirya shi, ta yi masa magana.

Ta shiga neman kalmomin. Kanta ya zama fayau. Ta ji ƙarar agogon bango, ta ga alƙalamin likita ya fara sauka kan takarda, ta tuna jakar Gwaggo a buɗe kusa da durowa.

Sai ta daina neman kalmomin. Ta matsa bakin gadon, ta kafa gwiwa, ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗar robar. Hannun na isa wurin, bakin ya buɗe da kansa.

"Hold on," ta ce, wato ya riƙe ta, ta ɗora hannun robar a wuyanta. Ta ce ya tashi zaune, ta ce ya juya, ta ce ya jingina, kowace kalma tana zuwa tare da motsinta kamar an ɗaure su da igiya. Ba ta yi masa muryar lallashi ba. Ta gaya masa cewa ita sabuwa ce a aikin, tana bukatar ya taimaka mata. Da likita ya jefo tambaya, me za ta yi in dattijon ya ce zai yi "give up", wato ya sallama, sai ta ce za ta nemo masa wani aiki da ba mai iya yi sai shi.

Babbar nas ta cire tabarau. "Wa kike jinya a gida?"

"Babana."

Matar ta dubi likita, ta dubi takarda. Ta ce ta fara zuwa farkon mako, ta taho da katin asibitin mahaifinta.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta iso gida. Tun a hanya take shirya yadda za ta faɗa wa Gwaggo, da irin kallon da za ta yi mata. Ta tarar da jakar a cike, an ninke rigunan Baba tsaf. Ta faɗi labarin a tsaye, a taƙaice. Gwaggo ta durƙusa ta zuge jakar, ta shiga fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa durowa, tana share ido da bakin mayafi.

"Ni ma ba raba ku nake so in yi ba," ta ce. "Bayanki nake ji. Kina tsammani ban ga yadda kike dafa bango in kin miƙe ba?"

Kallon da Na-iya ta tanada ya rasa wurin sauka. Ta durƙusa ta taya ta ninki.

Baba ya sa ta maimaita masa komai, har da abin da babbar nas ta ce. Fuskarsa ta yi haske, ya yi ta gyaɗa kai. Amma da lokacin motsa jikin yamma ya yi, ta zo ta kafa gwiwa a bakin gado, sai ya ja bargo da hannunsa mai lafiya har ƙirji.

"An sauke kaya," ya ce. "Mota ta shiga gareji."

"Baba, asibitin fa? Farkon mako za mu fara zuwa."

"Ki je aikinki. Karatu ya ƙare, allo ya huta." Ya juya fuska wajen bango, daidai yadda yake yi a da.

Ta tsaya da hannu a sarari. Gwaggo ta daina ninki. Daga waje ana jin yara suna buga ƙwallo a jikin katanga.

Na-iya ta sauke gwiwarta daga gadon. Ta jawo sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ta daɗe a bayan ƙofa ana rataye tawul a kanta, ta goge ta, ta kafa a gabansa.

"Saura guda ɗaya," ta ce. "Stand up."

"Wannan ko ɗan firamare ya san ta."

"A baki na san ta. Ban taɓa yin ta da hannu ba. In suka ba ni mutum na gaske, ba roba ba, zan iya kayar da shi." Ta dube shi. "Ban iya ba, Baba."

Gwaggo ta ɗago kai da sauri, ta dubi yarinyar kamar yau ta fara ganin ta.

Baba ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, ya kalli sandar, ya kalli ƙafarsa ta hagu da yake kira tayar da ta yi faci. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Sake faɗa in ji."

"Baba, sau ɗaya ake faɗin irin wannan."

Ya ture bargon. Ya ce wa Gwaggo ta rufe ƙofa, ta kuma tsaya ta hagu saboda tayar. Sannan ya miƙa wa Na-iya hannun dama.

"To, direba," ya ce. "Sa giya ta ɗaya."