Man da Baffa Idirisu Ya Zaɓa

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karanta na mutane kawai na iya. Amma ina tsaye a ƙofar gidanmu a Yalwawa ranar da aka fito da Baffa Idirisu a kan kujerar roba, kuma tun ranar abin ya ƙi fita daga raina.

Baffa maƙwabcinmu ne, ya yi shekara talatin yana jan motar haya tsakanin Dutse da Jahun. Likitoci sun sallamo shi, sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Shi kuwa ya ce ba wannan gidan ba. A kai shi rugarsu ta bayan Buji, ya ga Adda Madina, yayarsa da ta goya shi, tun yana iya gane fuska. Kuma a tsohuwar motarsa ja, wadda ta yi wata huɗu a ajiye a gindin darbejiya.

Ɗansa Zuhair, ma'aikaci a sakatariya, shi ya kira Falalu bakanike ya yi mata juyen man inji. Falalu ya tsiyaye tsohon man a fasasshiyar jarka, ya buɗe sabon galan zai zuba, sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Miƙo in gani."

"Mai kyau ne, Baffa," in ji Zuhair. "Duk shagon babu wanda ya fi shi tsada."

"Ban tambaye ka tsadarsa ba."

Aka ɗiga masa a yatsa. Ya murza man a hankali, ya raba yatsun, ya ɗaga su saitin rana. Ya daɗe yana kallo. Har yau ina mamakin abin da yatsa ke ji wanda ido ba ya gani.

"Falalu, ruwan alwala za ka zuba mini a inji?"

Falalu ya sosa ƙeya. "Na gaya wa Zuhair, Baffa. Ya ce ni bakaniken gindin bishiya ne."

"Wannan na motocin manya ne, sababbi fil," in ji Baffa, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Tawa ta tsufa, cikinta ya saki. Mai kauri take so. Wannan kafin Buji ta shanye shi ta fitar ta salansa. Inji ya buga, ka tsaya da ni a bakin titi kana ɗaga wa mutane hannu."

"To mu tafi a motar abokina, mai sanyi ce."

"Ta taɓa shiga yashin rugarmu?"

Zuhair ya dubi ƙirjin mahaifinsa, yadda yake ɗagawa da ƙyar. Zuwa tasha sayo wani man da dawowa da zubawa, awa guda ce cur, kuma babu wanda ya san awa nawa suka rage. Tun da ya fara aiki yake neman abu ɗaya mai daraja da tsohon nan zai karɓa daga hannunsa. Ya ƙi sabuwar waya, ya ƙi ɗaki na musamman a asibiti. Yau ga wannan ma.

"Baffa, rana tana yi," ya ce.

"Na fi ka sani. Jeka."

Falalu ya miƙe zai hau babur, Zuhair ya karɓe makullin daga hannunsa.

"Mai kaurin, na ƙaramin kuɗi," Baffa ya bi shi da magana. "Amma ka duba murfin, a rufe yake. Kar su tace na juye su ɗura maka."

Aka zauna jira. Goggo Safiyatu, matarsa, ta fito da mafici tana yi masa fifita. Sau biyu idonsa yana rufewa, sau biyu tana sunkuyawa ta saurari numfashinsa. Falalu ya yi ta goge sifanar da ba ta da datti.

Da Zuhair ya dawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf, bai ba Falalu galan ɗin ba. Ya durƙusa gaban kujerar, ya fasa murfin a kan idon mahaifinsa, ya ɗiga masa. Baffa ya murza, ya raba yatsun. Man ya ja zare siriri kafin ya tsinke.

"Yauwa. Ka iya saye."

Zuhair ya kau da kai da sauri, ya shiga taya Falalu riƙe mazurari. Motar ta yi tari sau uku, ta tashi. Aka kwantar da Baffa a baya, kansa a cinyar Goggo, suka fita layinmu a hankali.

Washegari da hantsi aka yi wa babanmu waya. Baffa ya rasu, a can rugar aka binne shi.

Ranar uku na bi ummata gaisuwa gidan Baffa. Tsakar gidan cike da mata, na raɓe a bayan randa. Wata ta yi tambayar da ta kawo ni: sun isa kuwa?

"Mun isa," in ji Goggo. "Ko tsayawa ba ta yi ba, har cikin yashin. Adda ta fito da sandarta, ta shafa fuskarsa, ta ce, wa ya ramar mini da yaro haka? Ya yi dariya. Ta dama masa fura da kindirmo, ya sha ludayi biyu, wanda kwana biyar ko ruwa sai an matsa masa. Da shanu suka dawo ya ce a ɗaga shi ya gani. Bayan magariba ya cika, hannunsa a nata."

Aka yi ta "Allah ya jiƙansa." Wata tsohuwa ta fara raba gumba, ana miƙawa hannu zuwa hannu. Ni dai na ji abin da na zo ji; kafin kwanon ya iso inda nake, na lallaɓa zuwa ƙofa. Takalma sun yi tsibi a bakin zaure, na lalubo nawa ƙafa ɗaya, ɗayar ta ɓuya. Na riƙe wadda na samu a hannu, na tsallaka layin, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa.