Jakin Haliru Ya Sha Lalle

Haliru na Kende bai taɓa wuce kasuwar Tsamiya ba, amma sai ga ƙasar Sin ta biyo shi har turken jakinsa.

Jakin gado ne, shi da yayansa Bunyaminu. Haliru ke ba shi dusa, shi ke ɗebo taki da shi, har hira yake masa a hanyar fadama. Bunyaminu kuwa, tunda ya ji dillalan Benin na sayen jakuna don kai fatarsu Sin, ya daina yi wa dabbar kallon jaki.

"Ran kasuwa dillali na tahowa," in ji Bunyaminu.

"Yaya, mi mutanen Sin ka yi da hwatar jaki?"

"Ina ruwanka? Duniya ta zama gari guda."

Haliru ba ya iya musu da babba, sai ya koma ga dabara. A saninsa fata dai takalmi ake yi da ita, kuma ba baduku mai sayen fata mai dabbare-dabbare. Ya roƙi matarsa Safina ta kwaɓa lalle cike da ƙwarya. Suka yi wa jaki zane tun daga kunne har wutsiya, suka ƙara da shuni a ciki. Safina ma hannunta ya faɗa, ta yi masa furanni a cinya. Jaki ya fito abin tausayi, awaki na ganinsa suna gudu.

Dillali ya iso bisa babur, ya zagaya jakin, ya ɓata fuska. Zuciyar Haliru ta yi fari tas. Sai mutumin ya zaro waya, ya kira maigidansa na Kwatano ta bidiyo, shi kuma ya haɗa su da wani Basine, mutumin Sin, mai tabarau. Basinen ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi magana, na Kwatano ya juya ta Faransanci, dillali ya juya ta Hausa.

"Ya ce kwalliya ta yi kyau. Amma su dahwa hwatar suka yi, su yi magani. Launi bai dame su ba."

"Dahwawa?" in ji Haliru.

Aka kwance igiya. Haliru ya raka su har bakin gari, hannuwansa jajur da lalle, yana kuka bai ɓoye ba. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaye shi bikin wa ake yi.