Kaskon Mussar Gudiya

"Riƙe min nan, Rakiya," in ji Gudiya, tana cusa tsumma cikin wani tsohon lefe. "Nan 'yar mussa za ta kwana. Kaskon nono na wanke, yashi kau tun jiya na ɗebo."

Na riƙe, ina shaƙar iska ta baki. Ɗakin nan ba ya shiguwa: zarnin fitsarin ɓera, ruɓaɓɓiyar albasa, ga kashinsu har cikin ƙwaryar furarta.

Gudiya baiwar gidan Attahiru ce tun kafin Nasara su iso Aliero. Da aka 'yanta bayi aka ce kowa ya kama gabansa, ita ba ta da inda za ta. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Shekarar da dogarai ke tara wa Nasara hatsi, Attahiru duk faɗin gidansa ya rasa maɓoyar dawa sai ɗakin tsohuwa. Dawa ta shiga, ɓeraye suka biyo ta.

Ba don kanta take neman mage ba. A kusurwa akwai tukunya mai tsaga a gindi, an rufe da faifai, an danne da dutse. Likkafaninta ne a ciki. Shekara uku tana kaɗi kafin masaƙan Jega su saƙa mata.

"Ɓeraye sun ci min ɗan yatsan ƙahwa, ban ce komi ba," ta ce. "Amma wanga ƙyalle shi ɗai gare ni. Tsirara anka kawo ni gidanga, ba ni son in hita hakanan. Mussarki ta haihu, ba ni guda yau."

"Inna, gidanmu ba a raba ɗa da uwa sai sun yi arba'in. Kawo ƙyallen in aje miki."

"In kai likkahwani gidan mai goyo? Allah shi kiyaye."

Ita ta kafe a kan nata, ni na kafe a kan nawa, kai ka ce magen nan wankan jego take. Na tari Attahiru a zaure kan ya kwashe dawarsa. Ko kallona bai yi ba.

"So kike dogarai su ji? Tsohuwa ta saba."

Kullum da hantsi Gudiya sai ta sake wanke kaskon, ta leƙo ta katanga. "Kwana nawa ya rage?"

Saura bakwai ta rasu, da safe, tana jingine da buhun dawa. Asma'u matar Attahiru ta tsaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen zane. Ni na ɗaga dutsen. Ƙyallen ya zama zare-zare, ya jiƙe, a tsakiyarsa jajayen 'ya'yan ɓera tsirara suna motsi. Da kyar na kai bayan ɗaki kafin amai ya zo. Ban san wa na fi ƙyama ba, su, ko Attahiru, ko ni.

Attahiru ya aiko da tsohon rawaninsa mai maiƙo. Muka ja nan, muka ja can, bai rufe ƙafa ba. Da yankin zanena muka ɗaure yatsan da aka ci.

Bayan la'asar na ɗauko 'yar magen, fara mai baƙin kunne, na zuba nono a kaskon. Ta lashe tas, ta shinshina yashin, sannan ta hau lefen ta naɗe a kan tsumman Gudiya.